Zaren Shuɗi da Tampon Hajo

Ku matso, ku gyara zama. Ba gatana zan yi muku ba, ko da yake bakin da ya saba da gatana shi ne zai faɗa. Ni Dije ban shiga lakkol na yi boko ba, bakina ke magana, hannun wani ke bi. Amma takarda kam na ɗauke ta, na jera ta, na huda ta, na ɗinke ta, shekara da shekaru a shagon sakatariya na Madam Ramatu a nan Madawa, har furfura ta same ni cikin warin tawada. Abin da ya tayar da maganar, rannan na ji waɗansunku a bakin shago suna cewa wai aikin nan ba aiki ba ne, danne-danne ne, duk mai waya a hannu sakatare ne. To, mai kallon saƙa daga nesa cewa yake kaba ce ke tafiya da kanta.

Da fura na fara zuwa ƙofar shagon. Lokacin Madam Ramatu ba ta daɗe da zuwa daga Kaita ba, ita da injin bugu na ƙarfe mai ƙararrawa a gefe, da kwalin karbon, da tebur mai gajeriyar ƙafa ɗaya da anka tokare da dutse. Wata rana wani malamin lakkol daga Allakaye ya kawo takardun jarrabawar yara, Madam ta gama bugawa ta aza bisa benci, sai guguwa ta shigo ta watsa su har cikin kwata. Na ajiye ƙwarya na bi su ina tsinta. Da na miƙa mata, ta duba, ta ga duk kawunansu sama suke, babu wadda ta juya. Ta ce, "Inna, kin iya karatu ne?" Na ce a'a, na dai ga kowace tana da ɗan fili a sama, da ɗan baƙi guda a ƙasa kamar tawadar Allah. Ta ce in zo gobe ba da ƙwarya ba.

Da takardun da sunka lalace ta koya mini, ba da na mutane ba. Ta nuna mini takarda tana da kai, tana da ƙafa, tana da gefen da anka bar wa rami. Wuƙar yankan takarda mai dogon hannu, ba a sauke ta da ƙarfi, da nauyin jiki ake bi. Injin huda, in ka cika masa ciki sai ya tauna gefen littafi. Robar nan mai murɗe da ake ce wa sifiral, kowane kauri da tasa, in ka sa ƙarama ga babban littafi ba ya buɗuwa, in ka sa babba ga ƙarami sai ya yi ta lilo kamar wandon aro. Injin sa leda kuwa sai ya yi zafi daidai, ana ji da bayan hannu kamar yadda ake jin tanda. Ban taɓa ganin Madam ta ɗaga murya ba. In na yi ba daidai ba, sai ta aza nata kusa da nawa ta tafi ta bar ni da su.

Wani dattijo daga Ibohamane ya taɓa kawo takardar gonarsa, naɗe cikin tsumma, ta tsufa har ta kusa rabuwa huɗu inda anka ninke. Ya ce a sa mata leda yanzu-yanzu, motar kasuwa na jiransa. Madam ta ce takardar ba ta shiga wuta sai an ɗauki fotokofinta, don abin da zafi ya ci ba ya dawowa. Ya yi ta faɗa, ya ce 'yan birni sun cika fi'ili. Ta ƙyale shi yana faɗa, ta shimfiɗa takardar da gefen cokali a hankali, ta ɗauki kwafi biyu, sannan ta sa ledar. Motar ta tafi ta bar shi, ya kwana gidan ɗan'uwansa. Bayan shekara sai ga shi da ɗan akuya a kafaɗa. Ya ɗaure wa Madam shi a bakin shago, tukuicin takardar, ya tafi.

Haka zamani ya yi ta juyawa. Injin bugu ya koma ƙarƙashin tebur, ordinata, wato kwamfuta, ta zo, injin fitar da takarda mai kala ya zo, sikana ta zo, wadda ake kifa mata takarda haske ya bi ta ƙasa ya ɗauki hotonta. Gurup, injin ba da wuta, ya zo don ranar da kuran, wutar lantarki, ya ɗauke. Madam da furfurarta ta koma ɗaliba, ta je Tawa ta koyo, ta dawo tana gwadawa tana ɓatawa tana gyarawa. A nan na fara jin ana cewa tablo. Tablo shi ne aikin da ake yi cikin ordinata gida-gida, kamar fangalin albasa, kowane gida da abin da ke ciki. Wani lokaci cikin gidan akwai rubutu shuɗi mai layi a ƙasa. Su suna ce masa liyan, ni zare nake ce masa, don in ka taɓa shi sai ya jawo maka abin da ke ɗaure a ɗaya bakin, hoto ko wata takarda, ko da tana can wata duniya. Shi kuma tablo ba a aika shi haka nan, don hannu na iya goge gida guda ba a sani ba, kuma a wata wayar sai ya wargaje. Sai a mai da shi abin da ake kira pede'ef, takarda daskararra wadda ke buɗuwa iri ɗaya ko'ina, ana kuma iya fitar da ita a inji. Wurin wannan mayarwar zare ke tsinkewa. Ban san haka ba, Madam ma ba ta gama sani ba, sai shekarar da damina ta yi mana gardama.

Shekarar nan ruwa ya makara, da ya zo kuma ya ɗauke, gero na cikin bununi. Rumbuna sunka tsaya baki buɗe. Maza sunka watse ci-rani tun kafin a gama yankan kara. Matan garin Bangi kuwa abin da ya rage a hannunsu kaba ce da rini. Suna da ƙungiyar masu saƙar tabarma, shugabarsu Hajo, taubashiyata ce, 'yar kawuna. Sun yi ta saƙa tun kaka, tabarmi sun cika ɗaki har rufi, kasuwar kusa kuma ba mai taya su, kowa hatsi yake nema. Sai wata Hajiya mai shago a Yamai ta aiko cewa tana son kaya masu yawa, amma sai ta zaɓa da idonta. Wata ma'aikaciya da ta yi zama wurinsu kafin a sauya mata gari ta riga ta ɗauki hoton kowace tabarma, ta ajiye hotunan a intanet, ta yi musu tablo: sunan mai saƙa, tsawon tabarma, irin zanen, da zaren shuɗi a ƙarshen kowane layi wanda ke jawo hoton. Ta sa shi cikin ɗan makullin nan da ake sokawa a ordinata, ta ba Hajo.

Hajo ta shigo shago da hantsi, ƙura har gira. Ta dube ni ta ce, "Ke baranyata, har yanzu kina nan kina huda takardun mutane kamar gara?"

Na ce, "Gara dai ta hi ki, ita tana da gida a birni. Zamna ki sha ruwa kahin ki hwaɗi."

Ta kwance bakin zane ta fito da abu biyu: makullin, da wani ɗan gwangwani. Cikin gwangwanin tampon ƙungiya yake, hatiminsu. Ku san wannan tun yanzu: Hajo ba ta wasa da tampon nan. Shekarun baya wani mutum ya je ya karɓi kayan taimako da sunan ƙungiyarsu, ba da saninsu ba, da takarda marar hatimi. Tun ranar ta rantse babu takardar da za ta fita da sunan matan Bangi sai ta buga mata tampo ta dangwala yatsa.

Madam ta yi abin da ake yi wa kowace takarda a ƙasar nan, daga meri, ofishin magajin gari, har lakkol. Ta fitar da tablon a inji mai kala, shafi-shafi. Hajo ta hura wa tampo iska ta buga wa kowane shafi, ta dangwala. Ni na jera su kai sama. Madam ta kifa su a sikana ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa su pede'ef, ta aika Yamai. Takarda ta yi kyau, zarurrukan nan shuɗi shar. Munka yi hamdala, Hajo ta tafi kwana gidan ɗiyarta a bayan tasha.

Washegari da safe saƙon murya ya shigo wayar Madam, ta kunna muna ji. Hajiyar Yamai ce. Ta ce, "Madam, takardarku ta iso, kyakkyawa kamar amarya, amma kurma ce. Na danna har yatsana ya yi zafi, ba abin da ya buɗe. Ni ba na sayen tabarma da suna. Motar da za ta kwaso mini kaya gobe take tashi. In ban ga hoto kafin la'asar ba, ku yi haƙuri, da kayan wani gari zan cika ta."

Hajo na tsaye bakin ƙofa, ta ji duka. Ta nemi benci ta zauna.

Madam ta buɗe abin da ta aika, ta danna, shiru. Ta buɗe tablon asali, ta danna, tabarma ta bayyana. Ta daɗe tana kallon sikana. Sannan ta ce, "Ni ce ban yi tunani ba. Inna Hajo, wagga na'ura hoto take ɗauka. Mun aika wa Hajiya hoton zare, ba zare ba. Hoton rijiya kuwa ba ya ba da ruwa."

Hajo ta ce, "To ki tura mata hotunan tabarmin hakanan, ɗaya-ɗaya."

"Da wanga rezo, intanet mai jan ƙahwa? Kahin in sauko da su in sake turawa, la'asar ta yi ta wuce. Ko sun tahi ma, za su isa a cakuɗe ba suna, ta zaɓi ta Mariya mu ɗora mata ta Zali. Ku ba ni hili."

Wannan yinin shi ne nake so ku gani, ku masu cewa danne-danne ne. Madam ta sallami masu fotokofi ta ce su dawo da yamma. Ta fara da hanyar da hannunta ya saba, wadda ake ce wa ordinata ta buga, amma maimakon takarda ta fito sai pede'ef ya fito. Ta buɗe, ta danna. Rubutu shuɗi, zare matacce. Ta ce ashe wannan ma ƙanen sikana ne, fuska yake ɗauka ya bar ciki. Ta koma ta bi ta wata ƙofar, wadda ake ce wa tablon shi da kansa ya ajiye kansa a matsayin pede'ef, ba a bi ta wurin bugu ba. Ta danna layin farko, sai ga tabarma ja da baƙi ta cika gilashi. Na ce Alhamdu lillahi. Ta ce in dakata da godiya tukun.

Gaskiyarta. Tablon ya fi takardar faɗi, gidan ƙarshe inda zarurrukan suke ya yanke ya faɗa wani shafi shi kaɗai, ba ka sanin wane zare ne na wace mace. Ta kwantar da takardar a kaikaice, ta matse gidajen har kowane layi ya zauna cikin shafi ɗaya daga suna zuwa zare. Ta sake ajiyewa. Sannan ta ce in kawo wayata, wadda ɗana ya aiko mini daga ci-rani don saƙon murya. Na ce mi wayata za ta yi wanda babban inji bai yi ba? Ta ce injin shago ya san hanyar gida, ko da ido rufe zai kai, baƙo ake son a gwada da shi. Ta tura mini, ta ce in bi shuɗin nan daga sama zuwa ƙasa in taɓa kowane, kar in tsallake ko ɗaya.

Wannan ba ya son karatu, ido yake so da haƙuri. Ina taɓawa, tabarma na buɗewa, ina komawa. Can tsakiya sai na iske waɗanda ba sa motsi, jere guda, sannan can ƙasa waɗansu. Madam ta duba asalinsu, ta ce ma'aikaciyar nan da ta gaji da ɗaurawa ɗaya-ɗaya sai ta sa lissafin tablo ya ɗaura mata sauran, irin wannan ɗaurin kuwa a injinmu ba ya tsira in an daskarar da takarda. Ba wata dabara sai a kwance a sake ɗaurawa da hannu. Ta fara. Ta buɗe gida, ta kwafi adireshin hoto, ta ɗaura, ta koma na gaba. Tana tsaka da haka kuran ya ɗauke. Gurup kuma ba mai. Tela maƙwabcinmu ya tsiyayo mana daga babur ɗinsa yana cewa in an sayar a tuna da shi da tabarmar salla. Zafi ya cika shago, zufa na ɗiga daga haɓar Madam bisa tebur, ba ta ɗaga kai ba sai da anka kira azahar. Ta yi salla, ta koma.

Da ta gama na sake bi daga sama har ƙasa. Duk sun amsa. Madam ta ɗora yatsa za ta aika, sai Hajo ta miƙe, gwangwani a hannu.

"Ina za ta ba tampo?"

Madam ta ce, "Inna, in an hitar da ita an buga tampo, sai an mai da ita sikana. Kin ga abin da ya hwaru jiya."

"To ba ta tahiya. Na yi rantsuwa gaban mata. Takarda tsirara ba ta hita da sunanmu."

Na ce, "Hajo, ke da tampon nan kabari ɗaya za a sa ku? Dubi rana! Tampo za ku dahwa wa yara su ci?"

Ta juyo ta dube ni, ba wasan taubasai a idonta. Ta ce, "Ke ba ki nan ranar da anka ce mana mun riga mun karɓa, alhali ko ƙwaya ba mu gani ba. Ni ina nan."

Inuwar shago ta fara miƙewa zuwa titi. Wani a wurin Madam da sai ya aika a ɓoye, ko ya ce wa tsohuwa ba ta san zamani ba. Ita ba ta yi ko ɗaya ba. Ta jawo kujera kusa da Hajo ta ce, "Inna, ayarin raƙuma in zai ƙetare, wa ke riƙe takardar hanya? Kowane raƙumi, ko madugu?"

"Madugu."

"To bari mu yi wa ayarinki madugu."

Ta buga shafi guda sabo: sunan ƙungiya, da cewa shafukan da ke biye na matan Bangi ne, da yawansu, da sunan shugaba. Ta karanta wa Hajo da ƙarfi, Hajo ta sa anka maimaita. Ta fitar da shi a inji. Hajo ta hura, ta buga tampo, ta dangwala. Wannan shafin kaɗai ya shiga sikana. Sannan Madam ta ɗinke shi a gaban shafukan nan masu rai, cikin ordinata, yadda ni nake aza bango a gaban littafi. Ta ce ɗinkin ma yakan tsinke zare wani lokaci, don haka sai an sake gwadawa daga farko. Ta karɓi wayata, ta sa a tafin Hajo.

Hajo ta riƙe ta kamar ƙwai. Ta ga tamponta a shafin farko, ta gyaɗa kai. Na kama yatsanta na aza bisa shuɗi na farko. Tabarma ta buɗe.

"La ila! Wagga ta Mariya ce. Dubi bakin, ita kaɗai ke ninka shi haka."

Ta taɓa na biyu da kanta. "Ta Zali. Rinin ya yi mata yawa, na hwaɗa mata." Na uku. "Wagga tawa ce, ku duba da kyau, ku ga hannu." Haka ta bi su har ƙasa tana kiran mata da sunansu, ta san kowace tun kafin hoton ya gama fitowa, Madam na bin sunan da ke rubuce tana cewa haka ne. Da ta kai na ƙarshe ta miƙa wayar ta ce, "Sake ta ta tahi."

Takarda ta tafi ladan na gyaran murya. Munka yi la'asar, munka zauna. Can wayar Madam ta yi ƙara. Hajiya ce, tana dariya, tana cewa yanzu amarya ta yi magana, tana kiran layi-layi, wannan da wannan da wannan, Madam na sa alama. Ba duka ta ɗauka ba, ta bar waɗansu, har da ta Zali mai yawan rini. Amma abin da ta zaɓa ya cika motar. Washegari direba ya ratsa ta Bangi, ya fito da tabarmi ɗaure har sama. Ranar kasuwa ta gaba na ga matan a layin masu hatsi, kowace da buhunta, suna gardama da mai awo kan cikar tiya.

Tun daga ranar doka ta kafu a shagonmu. Duk tablo mai zare, ba ya bi ta sikana, ba ya bi ta ƙofar bugu, kuma ba ya fita sai an taɓa kowane shuɗi a wayar da ba ta shago ba. In mutum ya ce shi a takarda ta hannu yake so, Madam takan gaya masa gaskiya cewa takarda ba ta da zare, sai ta rubuta masa adireshin a fili ƙarƙashin kowane layi. Aikin taɓawar nan nawa ne har yau, in ban da rana ɗaya a shekara.

Ranar ita ce in kaka ta yi, sabbin tabarmi sun taru. Hajo takan shigo da ƙurarta, ta ce mini gara, in ce mata baƙauya. Ta kwance bakin zane ta fito da gwangwani, ta ce wa Madam, "Ina madugu?" A ba ta shafinta guda, ta hura, ta buga, ta mai da tampo ta ɗaure. Sannan ta miƙo mini hannu ko dubana ba ta yi.

"Ba ni wayar. Ba ta hita sai na gaida kowace mace da yatsana."